Ranar da Mata Suka Ƙi Tsaya Min

Assalamu alaikum. Ni mace ce mai shekara hamsin da 'yan kai, ina zaune a Rigasa, sana'ata man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Ana yawan cewa lamunin ƙananan bankuna shi ne maganin talaucin mata, kuma duk lokacin da aka shigo unguwa da fom sai ka ga mata sun yi dafifi, har da waɗanda na san ranar ba a hura wuta a gidajensu ba. Na bi ta wannan hanya tun daga tushe. Na ci amfaninta, na kuma ga waɗanda ta kayar, shi ya sa nake so ƙannena da 'ya'yana mata su ji labarin daga bakin wadda ta taka da ƙafarta.

A 1993 aka kawo ni Kaduna amarya. Maigidana ma'aikaci ne a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, muna haya a Makera. Wanda bai ga Kakuri a wancan zamani ba, da wuya ya gane abin da aka rasa. Idan aka tashi aiki, kekuna da mutane ne ke toshe titi, masu abinci da masu shayi da teloli duk a jikin masaƙa suke ci. Albashin ba shi da yawa, amma yana zuwa, kuma mai kanti yana ba ka bashi da sakin fuska saboda ya san ranar biya. Rikicin Fabrairun 2000 ya tashe mu, muka tsallako kogi muka dawo Rigasa kamar yadda dubban mutane suka yi. Ba mu gama farfaɗowa ba sai masaƙun suka fara rufewa ɗaya bayan ɗaya tsakanin 2002 da 2007. Babu wuta, baƙin mai ya yi tsada, ga atamfar waje ta cika kasuwa a farashin da tamu ba za ta iya ja da shi ba. Maigidana ya koma acaɓa, hawan jini ya kama shi, ɓarin jikinsa ya shanye, a 2009 Allah ya karɓi abinsa. Ya bar ni da yara biyar da bashin haya.

Bayan na fita takaba, wankau na kama. Ina bi gida-gida ina karɓo kayan wanki, in an samu surfe in yi. Tafin hannuna ya tsattsage saboda omo, in na sa shi a ruwa da asuba sai na cije baki. Abin da ake biya ranar, shi za a ci ranar. Man ja na naira goma a leda, dunƙulen magi ɗaya, kuka, garin masara gwangwani biyu. Ranar da aka yi ruwan sama tun safe babu shanya, babu wanki, to ranar sai garin kwaki da gishiri. Abin da ya fi ci min rai ba yunwar ba ce. Ranar da na cire babbar 'yata daga makaranta na ɗora mata tallan ruwan leda, ta ɗauki farantin ba ta ce min komai ba, wannan rana har gobe in na tuna ta sai ƙirjina ya yi nauyi.

A 2010 aka kafa ƙungiyar masu karɓar lamuni a layinmu. Tsarin shi ne ba a neman takardar fili ko jingina, mata ne za su haɗu su tsaya wa juna. In ɗaya ta kasa biya, sauran su biya mata. Na ɗauki mayafina na tafi da murnata, ina ganin ƙofa ta buɗe. Ma'aikacin bankin ya tambaye ni sana'ata, na ce wankau. Ya kalli shugabar ƙungiya, ita kuma ta kalli ƙasa. Bayan an watse ta ja ni gefe, ta riƙe hannuna ta ce, "Ƙanwata, ki yi haƙuri, wallahi ba ƙin ki muke yi ba. In aka ba ki kuɗin nan masara za ki saya wa marayun nan, kuma babu mai ganin laifinki. Amma ranar Talata, ranar biyan bashi, mu za a tsare."

Na yi kuka a hanya har na isa gida. Sai dai gaskiya ta faɗa. Da sun ba ni, masara zan saya, in biya mai gida wani abu, in mayar da yarinyata makaranta, sati na zagayowa kuma ba ni da ko sisi. Wannan shi ne abin da masu zuwa da fom ba sa faɗa: tsarin tsaya wa juna da kansa yake tace wadda ta fi kowa talauci ya fitar da ita waje. Matan da aka ɗauka duk suna da abin yi tun kafin bankin ya zo, mai ɗinki, mai awara, mai sayar da itace. Talakawa ne, amma ba irin talaucina ba.

Ƙofata ta wani wuri ta buɗe. Akwai wani dattijo ɗan kasuwar hatsi, abokin marigayi ne tun suna samari. Shekarar da ya fitar da zakkarsa, maimakon ya tara mutane a ƙofar gida ya raba musu ɗari biyar-biyar, sai ya zaɓi zawarawa kaɗan da ke riƙe da marayu. Ni ya aiko min da rabin buhun gyaɗa ɓararriya, da babban kasko, da buhun masara guda. Ya kuma roƙi yayarsa, wata tsohuwa da kowa ke kira Inna, wadda ta tsufa a sana'ar mai, ta koya min. Allah ya jiƙansu duka biyun, ya sa abin da suka yi min ya zama fitila a kabarinsu.

Ranar da aka sauke kayan Inna ta ce min, "'Yata, wannan masarar ta ciki ce, wannan gyaɗar ta kasuwa ce. Ranar da kika ɗebi tiya ɗaya kika yi kunu da ita, kin fara cin jarinki." Na daɗe ina tunanin dabarar dattijon nan. Da gyaɗar kaɗai ya ba ni, da mun cinye ta ko na sayar na sayi abinci. Masarar ce ta tsare gyaɗar. Wata uku muna da tuwon dare ba tare da na taɓa cinikin mai ba, kuma a cikin wata ukun nan hannuna ya faɗa.

Aikin ba wasa ba ne. Da asuba za ki tsince gyaɗar ki fitar da ruɓaɓɓu da tsakuwa, don ƙwaya kaɗan masu ɗaci suna iya lalata ƙulin gaba ɗaya. Ki soya a kasko kina juyawa ba tsayawa, in wuta ta yi yawa man ya yi baƙi, in ba ta ji wuta ba man ya ƙi fita. Ki baza ta huce, ki murje, ki sheƙe ɓawon da faifai, ki kai inji a markaɗa. In kin dawo ki juye a turmi, kina ɗiga ruwan zafi kaɗan-kaɗan kina juyawa da taɓarya. Nan ne Inna take tsayawa a kaina, domin ruwan da ya wuce kima shi ne asara. Za ki yi ta juyi har kafaɗa ta ƙage, can sai ki ga ƙullun ya fara haɗe jikinsa yana ƙyalli, man ya taso ya kwanta a sama. Ki kwashe, ki matse tunkuzar, ki sa mata gishiri da ɗan yaji, ki mulmula, ki soya ta a cikin man da ya fita daga jikinta. Inna ta koya min lissafin da har yau da shi nake aiki: mai shi ke mayar da uwar kuɗi, ƙuli shi ne ribarki. Na fara da sayar da kwalba-kwalba a cikin gida, masu suya da masu tsire na unguwa suna aiko yara sayen ƙuli.

Da ciniki ya fara tsayuwa na shiga adashi, zubin naira ɗari kullum. Kwasata ta farko da ita na mayar da 'yata makaranta.

A 2012 matan da suka ƙi tsaya min su da kansu suka aiko kirana. Ban riƙe su a zuciya ba, na je. Ina da dalili: gyaɗa tana araha da kaka, daga wajen Oktoba zuwa Disamba, in aka shiga bazara zuwa damina kuma ta yi tashin gwauron zabi. Wadda ke sayen tiya biyar-biyar duk sati, kamar yadda nake yi a kasuwar Kawo ranar Talata, a hannun tsada take rayuwa. Wadda ta iya ajiye buhu biyu tun kaka, ita ce mai cin riba.

Bari in faɗi lissafin yadda yake, domin mata da yawa suna dangwala hannu ba su san abin da suka ɗauka ba. An rubuta min naira 30,000, ruwa kashi 3 cikin ɗari a wata, na wata shida. Da jin haka sai ki ce ai ba yawa. Amma a kan dubu talatin ɗin gaba ɗaya ake lissafa ruwan har ƙarshe, naira 900 duk wata, jimla 5,400, ko da kuwa kin riga kin biya rabin bashin. Za ki biya 35,400 a sati 24, wato 1,475 duk Talata. Sannan an riƙe 3,000 a matsayin ajiyar dole, an cire kuɗin fom da na kati. Abin da ya shigo hannuna bai kai 27,000 ba, kuma sati ɗaya da karɓa aka fara biya. Tunda duk sati kuɗin da ke hannunki raguwa yake yi amma ruwan bai ragu ba, tsadar bashin ta ninka abin da kunne ya ji. Mai sana'ar da kuɗi ke juyawa kullum, irin tawa, tana iya ɗauka. Mai kiwon akuya ko mai noma, da sai bayan watanni za ta ga kuɗi, daga ina za ta kawo na Talatar farko?

Ni dai ya yi min amfani, ba zan ɓoye ba. Na sayi gyaɗa da kaka a Bakin Dogo, na ajiye a ɗaki a kan katako, na yi ta aiki da ita har farashi ya tashi. Na biya ban taɓa fashi ba, aka ƙara min na sake karɓa, na sayi jarkoki da babban murhu, na fara kai wa masu shago mai galan-galan. Sai dai zuciyata ba ta taɓa kwanciya da maganar ruwan ba. Na tambayi malaminmu na Islamiyya, bai yi min kwana-kwana ba, ya ce, "Malama, duk bashin da ya jawo ƙari riba ce, kuma kin san ayar. Ki nemi mafita, Allah zai buɗa miki." A 2012 ne bankin Jaiz ya fara aiki da rassa a Abuja da Kaduna da Kano, muka fara jin malamai a rediyo suna bayanin murabaha, wato a saya miki kayan da kike buƙata a sayar miki da ribar da kuka yi yarjejeniya, ki biya sannu a hankali, kuma kuɗin ba ya ƙaruwa don kin makara. Na riƙe wannan a raina.

Abin da ya fitar da ni daga ƙungiyar gaba ɗaya shi ne abin da ya sami wata maƙwabciyata mai awara. Mace ce mai ƙoƙari, ba ta da almubazzaranci ko kaɗan. Sati biyu da karɓar kuɗinta ɗanta ya kwanta, zazzaɓi ya yi tsanani har sai da aka yi masa ƙarin jini. Jarin ya tafi asibiti. Wace uwa ce za ta yi dabam? Talata ta zo, ba ta da shi. Dokar ita ce babu mai tashi daga tabarma sai kuɗin ƙungiya ya cika. Muka zauna tun hantsi har azahar ta wuce, ma'aikacin yana duba agogo, shi ma an ɗora masa adadin da zai kai ofis. Mata suka fara gunaguni, wata ta ce ta bar wake a wuta, wata ta ce ita ba ta haifi ɗan wani ba. Matar nan tana zaune ta rufe fuska da hijabi, kafaɗunta suna rawa. Muka yi karo-karo muka cike. Sati na biyu aka cike da ƙyar. Na uku ta sayar da katifarta da tukwanen aurenta. Daga baya ta je wani bankin ta karɓo don ta biya wannan, ta zama tana da Talata tana da Alhamis. Ƙarshe da daddare ta kwashe yaranta ta koma ƙauyensu, ba ta yi sallama da kowa ba saboda kunya. Hausawa sun ce bashi hanji ne yana cikin kowa, amma ban taɓa ganin ya raba mace da maƙwabtan da suka yi shekara goma suna cin abinci a kwano ɗaya ba sai a wannan tsari. Allah cewa ya yi idan wanda ake bi yana cikin ƙunci a saurara masa har ya samu sauƙi. A kan tabarmar nan babu wurin wannan aya.

'Yar tawa da na taɓa ɗora wa talla, Allah ya yi mata karatu, ta karanta tattalin arziki a Jami'ar Jihar Kaduna. Ita ta ba ni labarin inda abin ya samo asali. Ta ce wani malamin jami'a ne a Bangaladash, Muhammad Yunus, a 1976 ya ranta wa mutum 42 dala 27 daga aljihunsa a wani ƙauye mai suna Jobra, daga nan bankin Grameen ya tsiro, har aka ba su kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2006. A nan gida kuma Babban Bankin Nijeriya ya fitar da tsarin ƙananan bankunan a Disambar 2005. Na ce mata, "To 'yar nan, su masu binciken, sun ga ya fitar da mutane daga talauci?" Ta ce, "Umma, da aka auna a ƙasashe daban-daban, an ga yana taimaka wa masu sana'a su faɗaɗa, amma bai ɗaga yawancin gidaje daga talauci yadda aka yi zato ba." Ta ƙara da cewa a can Bangaladash ɗin ma wata ƙungiya mai suna BRAC ta lura cewa lamuni ba ya kaiwa ga na can ƙasa, sai a 2002 ta fito da wani tsari dabam: a ba mace saniya ko awaki kyauta, a ba ta ɗan abin ci na wasu watanni, a koya mata, a riƙa zagayo ta, a sa ta fara ajiya. Wannan kuwa da aka gwada shi a wasu ƙasashe an ga ya yi tasiri mai ɗorewa. Na ce mata ai wannan shi ne gyaɗa da masara da Inna. Dattijon nan bai taɓa shiga aji ba.

A 2015 mu goma sha takwas muka kafa tamu. Wata 'yar Maraɗi da aure ya kawo ta unguwarmu ita ta nuna mana tsarin da ake kira Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta fara da matan Nijar a 1991. Akwatin ƙarfe ne mai kwaɗo uku, makullan suna hannun mata uku, akwatin yana gidan ta huɗu, ba a buɗe shi sai a gaban kowa. Duk Juma'a da yamma kowa ta zuba gwargwadon ƙarfinta, a rubuta a littafi, a ƙirga da ƙarfi kowa na ji. Mun gyara shi ya dace da addininmu. Mai son jari ba ma ba ta kuɗi da ruwa, sai mu wakilta mata biyu su sayo mata waken suya ko gyaɗa ko yadi, mu sayar mata da riba sananniya. Akwai kuma wata jaka dabam da kowa ke jefa naira hamsin, ta ciwo da haihuwa da rasuwa. Wadda ɗanta ya kwanta daga nan ake ba ta, ba bashi ba ne, kuma a ɗaga mata biya har ta miƙe. Saboda mai awara muka sa wannan doka. Muna fasa akwati sau ɗaya a shekara, dab da kaka.

Ba zan ce komai lafiya lau ba ne. Kuɗin akwati kaɗan ne, ba ya isar kowa a lokaci guda, kuma an taɓa yin rigima da mijin wata da ya ce kuɗin matarsa nasa ne, sai da mai unguwa ya shiga. Kullen korona na 2020 ya kusa karya mu, kasuwanni a rufe, masu tsire ba sa fitowa, da yawanmu muka ci jari. Farkon 2023 canjin kuɗi ya zo, mai kawo gyaɗa daga ƙauye ba ya karɓar taransifa, mu kuma ba mu da takardar kuɗi. Ba a jima ba aka cire tallafin fetur a ƙarshen Mayu, kuɗin markaɗe da na mota suka haura. Kuɗin da ke saya min buhu a da, yanzu ko rabi ba ya kawowa. Wannan ya koya mana kada mu bar ajiya ta kwana a takarda, da an fasa akwati sai a mayar da ita gyaɗa ko tunkiya. A 2022 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce mutum miliyan 133 ne ke cikin talauci ta fuskoki da dama a Nijeriya. Akwatinmu ba zai gyara wannan ba, ba kuma zai kawo wuta ko maganin asibiti ba.

Amma yau ina da ɗaki biyu nawa na kaina a bayan Rigasa, yarana duka sun yi makaranta, mata uku suna aiki tare da ni ranar suya. Shekara huɗu ke nan da muka ɗauki wata al'ada a ƙungiya: duk fashin akwati sai mu ware wani abu mu ɗauki mace ɗaya da ba ta da komai, irin wadda babu ƙungiyar da za ta tsaya mata. Ba ma ba ta bashi. Kayan sana'a muke saya mata da abincin wata uku, ɗaya daga cikinmu ta riƙe ta ta koya mata, sai ta shekara tana juyawa kafin mu bar ta ta ɗauki kaya daga akwati. Cikin huɗun da muka ɗauka a baya, uku sun tsaya da ƙafarsu, ɗaya ciwon miji ya cinye nata, muna nan muna shawarar yadda za a sake ɗaga ta. Ta bana yarinya ce da aka kashe mijinta a hanyar Birnin Gwari, tana da goyo da yara biyu. A hannuna aka sa ta, kuma satin da ya wuce ta fitar da manta na farko, galan ɗaya da rabi.